Akwatinmu da Baitulmalin Ƙaramar Hukuma: Yadda Sabuwar Hukuma Ke Buɗe Littafinta



Wannan babin ba ya cikin tsarin da muka fara yi wa littafin nan. Tambaya ce ta jawo shi. Ranar wani taron mako, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, wata gwaggo mai suyar kifi ta kwance bakin zaninta, ta zube wasu 'yan takardu a kan tabarma. Rasit ne na kuɗin kasuwa, wasu har mai ya ɓata su. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ke da kika yi boko, mu nan ko naira hamsin ce ta ɓace ba mai tashi sai an nemo ta. To waɗannan da nake biya duk ranar kasuwa, wa ke ƙirga su, kuma a gaban wa?" Na ce, "Gwaggo, a yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa."

Na ɗan karanta lissafin kuɗin gwamnati lokacin da nake difloma, amma karatun jarrabawa daban, yi wa gwaggo bayani daban. Da na zauna na yi tunani, sai na ga hanya mafi sauƙi ita ce mu kalli ƙaramar hukuma tun ranar da aka haife ta, lokacin da ba ta da littafi ko ɗaya. Abin da za ta yi daga wannan rana zuwa ƙarshen shekararta ta farko, kusan duk kun saba yin irinsa a gaban akwati. Sunaye ne kawai suka bambanta, sai kuma yawan sifili.

Mu ma an taɓa yi mana sabuwa

Iyayenmu da yawa a nan an haife su ne a jihar Kano ba tare da sun matsa daga ɗakin da suke ba. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, aka sa hedikwata a Dutse. A 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, adadinsu ya kai 774, na Jigawa suka cika 27. Auyo na cikin waɗanda suka samu tasu a wannan karon. Yau masarautar Haɗejiya na da takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori.

Tun daga 1996 ba a sake sanya wata sabuwa a jerin da ke karɓar kaso daga asusun tarayya ba, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tsaurara hanyar: sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, majalisar jiha ta amince, Majalisar Tarayya kuma ta gyara jerin sunayen. Legas ta ƙirƙiri wasu 37 a 2003, har yau ba su shiga jerin ba.

To me ya sa muke zancen sabuwar hukuma yanzu? Saboda ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma waɗanda jama'a suka zaɓa ne kaɗai ke da hurumin riƙe su, ba kantomomin riƙo ba. Kafin nan kuɗin kan bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. An yi ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da hukuncin, amma duk ƙaramar hukumar da kuɗinta ya dawo hannunta ta zama kamar amaryar da aka fitar da tukunyarta. Dole ta san abin da ke rumbunta.

Wani abin da ya ba ni sha'awa: a wannan shekarar ta 1991 da aka yi Jigawa, a ita ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Nijar, wanda shi ne asalin irin ajiyar da muke yi. Kun ga akwatinmu da jiharmu sa'annin juna ne.

Ranar farko: me aka gada?

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ake yawan yin tuntuɓe.

Sabuwar ƙaramar hukuma ba daga sama take faɗowa ba, daga jikin wata ake yanko ta. Ranar da aka yanko ta, akwai makarantun firamare a cikin ƙasarta, akwai ɗakunan shan magani, rijiyoyin burtsatse, rumfunan kasuwa, mahauta, tasha. Akwai ma'aikatan da za a turo mata, kowa da albashinsa da shekarun aikinsa. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: ɗan kwangilar da ya gina aji biyu bara ba a gama biyan sa ba, malamin da ya yi ritaya yana jiran giratuti. Kafin a karɓi sisi ko a kashe sisi, sai an zauna da uwar hukumar an raba, an rubuta: wannan namu ne, wannan naku ne, wannan bashin ku za ku biya, wannan mu. Takardar da ta fito daga wannan zama ita ce lissafin buɗe littafi. A gefe ɗaya kadarori, wato abin da aka mallaka da abin da ake bin wasu. A ɗaya gefen basussuka, abin da wasu ke bin hukumar. Idan aka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfin hukumar a ranar.

Kuma ba a rubutawa daga ofis. Sai an je an gani da ido. Idan takarda ta ce akwai rijiyar burtsatse 40, a je a ƙirga, a rubuta inda kowacce take, shekarar da aka haƙa ta, tana aiki ko ta mutu. Idan an ce akwai tarakta, a ga taraktar, ba tayoyinta ba. Wannan shi ne rajistar kadarori. Ma'aikata ma haka, a ga mutum da fuskarsa kafin sunansa ya hau takardar albashi, in ba haka ba a nan ma'aikatan bogi ke samun ƙofa.

Bari in ba ku labarin kuskuren da ni kaina na yi. Akwai wata ƙungiya da nake kula da ita a wani ƙauye na bakin fadama. Mata suka yi ta shiga har suka haura 30, taro ya koma kamar kasuwa, sai muka yanke a raba ta biyu kamar yadda ƙa'idarmu ta tanada. Muka ƙirga kuɗin da ke cikin akwati, muka raba gwargwadon hannun jarin kowa, aka sayo sabon akwati da kwaɗo uku, aka yi addu'a aka watse. Ni kuma na tafi gida ina jin na yi aiki. Abin da ban rubuta ba shi ne rancen da ke waje. Mata huɗu daga cikin waɗanda suka koma sabuwar ƙungiya suna da bashi a tsohuwar. Da lokacin biya ya yi, su suka ce ai sabon akwati za su zuba wa tunda nan suke, tsofaffin suka ce kuɗinmu ne muka ranta muku. Kowa na da gaskiyarsa, takarda kuma ba ta ce komai ba. Sai da muka yi zama uku, har da mai unguwa, kafin a daidaita, kuma akwai mata biyu da suka yi wata da watanni ba sa ga-maciji. Duk a kan layi huɗu da ban rubuta ba.

To ku auna wannan da ƙaramar hukuma mai ɗaruruwan ma'aikata. Bashin da ba a rubuta ranar farko ba, ba ya mutuwa. Yana nan kwance, sai bayan shekaru ya taso da takardar kotu, lokacin waɗanda suka san zancen duk sun yi ritaya.

Daga ina kuɗin ke zuwa?

Kaso mafi tsoka daga Abuja yake zuwa. Duk wata kwamitin rabon arzikin ƙasa na zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Daga harajin kayan masarufi, wanda ake ce wa VAT, ƙananan hukumomi na samun kashi 35 cikin 100. Idan kin sayi katin waya, kin zuba naki a ciki ko ba ki sani ba.

Sai kuɗin shiga na cikin gida, inda rasit ɗin gwaggo ya shigo. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma daga cikinsu take samun kuɗi: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da baro da amalanke, har da kwale-kwale. Mu mutanen kogi wannan na ƙarshe ya shafe mu. Kuɗin cikin gida ba shi da yawa idan aka gwada da na Abuja, amma shi ne ya fi saurin zubewa, domin a hannu ake karɓar sa, naira ɗari nan, naira hamsin can.

Shi ya sa littafin rasit ba takardar banza ba ce. Kowane rasit na da lamba a jere, kuma yana da kwafi da ke zama a littafin. Baitulmali na rubuta wa ta ba littafi mai lamba kaza zuwa kaza. Mai karɓar haraji idan ya dawo, kuɗin da ya zuba a banki dole ya yi daidai da jimillar kwafin da ke hannunsa, kafin a ba shi wani littafin. Don haka, iyayena, idan mai karɓar kuɗi ya ce "kawo rabi kawai, ba sai na yanka rasit ba," ba sauƙi ya yi miki ba. Rabin nan ba zai taɓa ganin littafi ba. Rasit marar lamba ko marar sunan hukuma ma haka.

Kasafi da makullai uku

Shekarar kuɗin gwamnati na farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba. Kafin ta fara ake yin kasafin kuɗi: muna sa ran samun kaza, za mu kashe kaza a kan kaza. Ciyaman ne ke gabatarwa, kansiloli su duba su amince. Abin da ba ya cikin kasafi, a ƙa'ida ba a kashe masa kuɗi sai an koma an nemi ƙarin izini. Kasafi kashi biyu ne. Akwai na yau da kullum, albashi da man mota da takardu. Akwai na manyan ayyuka, gina aji, haƙa rijiya, yin jinga. Albashin malaman firamare daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fita, ga gudummawar fansho, ga ta majalisar masarauta. Idan an cire waɗannan, abin da ke saura na ayyuka sau da yawa bai kai yadda mutane ke zato ba. Wannan ba kare kowa nake yi ba, so nake idan za mu yi tambaya mu yi ta a kan adadi na gaskiya.

Akwatinmu kwaɗo uku ne, makullan na hannun mata uku, mai ajiye akwatin kuma ba ta riƙe ko ɗaya. Ba don muna zargin kowa ba ne, don kada shaiɗan ya samu mutum shi kaɗai. Baitulmali ma a kan wannan hikimar aka gina ta, tun zamanin En'e da kowace masarauta ke da ma'ajinta. Wanda ya nemi a yi aiki daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban. Kafin kuɗi ya fita sai an cike takardar biya, wadda ma'aikata ke ce wa bauca, an maƙala mata shaida: takardar kwangila, takardar da ke nuna an je an ga aikin, ko ta sito da ke nuna kaya sun shigo. Mai binciken cikin gida ya duba, sannan a biya, kuma ba mutum ɗaya ke sa hannu a asusun banki ba. Duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya hau babban littafin kuɗi a ranar, kamar yadda magatakardarmu ba ta cewa "zan rubuta gobe."

Ƙarshen kowane wata ana karɓo takardar bayanin asusu daga banki a gwada ta da littafin. Ba kasafai suke zuwa daidai ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Wataƙila banki ya cire cajinsa ba a rubuta ba tukuna, ko an ba wani cek bai kai ba. Laifin shi ne a bar bambancin ba a bi sawunsa ba. Mu nan da zarar an buɗe akwati sai a tambayi kowa, nawa muka rufe da shi makon jiya? Masu ƙirga su ƙirga, a ga ko ya yi daidai. Aikin ɗaya ne.

Akwai abubuwa biyu da ke rikita sabon akanta. Na farko adibas, kuɗin da aka ba ma'aikaci ya je ya yi wani aiki ya dawo da rasit. Har sai ya kawo rasit, kuɗin bashi ne a kansa, ba a ce an kashe ba. Adibas da ba a kawo bayaninsa ba na daga cikin abubuwan da masu bincike suka fi yawan kokawa a kai a ƙasar nan. Na biyu kuɗin amana, irin harajin da aka cire daga albashin ma'aikata ko daga ɗan kwangila. Yana cikin asusun hukuma amma ba nata ba ne, na wanda za a miƙa wa ne. Kamar jakar taimakon juna ce a cikin akwatinmu: waje ɗaya suke kwana da kuɗin rance, amma ba a taɓa ta don a ba wata jari.

Abin da ke hannu da abin da ke wuya

Lissafi iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi zai hana a rufe ku da baki.

Na farko yana kallon tsabar kuɗi kawai: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage. Na biyu yana ƙara da abin da ake bin ki da abin da kike bi, da darajar kayan da kika mallaka. A ce akwatinmu na da naira 300,000 a ciki. Rancen da ke hannun mambobi 150,000. Mu kuma mai injin casar shinkafa na bin mu 50,000. A lissafi na farko, muna da 300,000, shi ke nan. A na biyu muna da 400,000. Ko ranar rabo ai ba ma rabawa sai an dawo da rance an biya wanda ke bin mu.

Yanzu mu juya shi. A ce wata ƙaramar hukuma ta rufe shekara da naira miliyan 20 a banki, ana ta murna an samu rara. Amma ɗan kwangilar da ya yi jinga kafin damina yana bin miliyan 35, ba a biya shi ba. A lissafin tsabar kuɗi wannan bashin ba zai fito ba sam, tunda kuɗi bai motsa ba. A ɗaya lissafin kuwa zai fito ƙarara cewa giɓin miliyan 15 ne, ba rara ba. Kun ga mutum na iya nuna rara ta hanyar ƙin biyan bashi kawai.

Saboda irin wannan ne Najeriya ta karɓi ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya da ake kira IPSAS. An tsara a fara da na tsabar kuɗi daga Janairun 2014, a koma mai haɗa bashi da kadarori daga Janairun 2016, a tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ƙa'idar ta ba wanda ya fara rangwamen shekara uku don ya gama ƙirga kadarorinsa da yi musu kuɗi. Ba ko'ina aka kammala sauyin ba, domin aiki ne mai wuya: wa zai yi wa tsohuwar kasuwa kuɗi, ko makarantar da aka gina tun kafin a haife ni? Sabuwar hukuma a nan ta fi tsohuwa sa'a, idan ta yi rajistarta tun ranar farko.

Kaya kuma na tsufa, lissafi dole ya nuna haka. Injin ban ruwa na naira 200,000 da ake sa ran zai yi shekara biyar, duk shekara ana rage masa 40,000 a littafi. Mu da ke bakin kogin Haɗejiya muna da ƙarin dalili. Kowa ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Ajin da ruwa ya rusa, ko kwalbatin da ya tafi da shi, ba zai ci gaba da zama a rajista da cikakkiyar darajarsa ba, sai a cire shi a rubuta dalili. Idan ba a cire ba, takarda za ta ce garinku na da makaranta, alhali yara a gindin bishiya suke. Hukumar da ke cikin fadama, inda kacala ke toshe hanyoyin ruwa, ya kamata a ga ta ware wani abu don yashe magudanai da gyaran jinga tun kafin ruwa ya zo. Wannan ra'ayina ne, amma ina ganin duk wadda ta taɓa kwashe kayan ɗakinta a kwale-kwale za ta yarda da ni.

Ranar rabon gwamnati

Mu idan zagaye ya cika, wata tara zuwa goma sha biyu, muna zama a karanta komai a fili. Gwamnati ba ta raba kuɗi, amma tana da nata karatun, shi ne bayanin kuɗi na ƙarshen shekara da ma'aji ke shiryawa bayan 31 ga Disamba. Kafin ya fara sai an ƙirga tsabar kuɗin da ke baitulmali da kayan da ke sito, an daidaita kowane asusu da banki, an tattaro duk takardun bashin da ba a biya ba.

Takarda ta farko na nuna matsayin hukuma a ranar ƙarshe: kadarori da basussuka. Ita ce 'yar'uwar lissafin buɗe littafi, shi ya sa na ce idan na farkon ya karkace, duk na bayansa a karkace za su tafi, domin abin da aka rufe da shi bana shi za a buɗe da shi baɗi. Ta biyu na nuna abin da aka samu da abin da aka kashe a shekarar, rara ko giɓi. Akwai mai nuna yadda tsabar kuɗi ta shiga ta fita, da mai nuna yadda dukiyar hukuma ta ƙaru ko ta ragu. Sai bayanai na ƙarshe masu ƙananan rubutu, inda ake warware kowane adadi.

Amma idan ɗaya kawai za ki iya dubawa, nemi wadda ke jera kasafi da abin da aka yi a zahiri, kafaɗa da kafaɗa. Ba ta buƙatar difloma. Layi ne: rijiyoyin burtsatse, an ware kaza, an kashe kaza. Idan an ware ba a kashe ba, tambaya ita ce me ya hana? Idan an kashe, tambaya ita ce tana ina? Ta biyun ku kuka fi kowane akanta sanin amsarta, tunda ku ke ɗibar ruwan.

Bayan ma'aji ya gama, ba shi zai ce aikinsa ya yi kyau ba. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi a matakin jiha. Ma'aikatansa na bin bauca da rasit, su rubuta tambaya a kan duk abin da bai gamsar da su ba, rahoton kuma ya tafi Majalisar Dokokin Jiha, inda kwamitin kula da asusun jama'a ke iya kiran mutum ya yi bayani. Daga 2018 wani shiri na Bankin Duniya mai suna SFTAS ya sa jihohi suka riƙa sanya kasafinsu da bayanan kuɗinsu da aka bincika a intanet, domin a lokacin sharaɗi ne na samun tallafin. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, ta kuma ba ofis kwana bakwai ya amsa. Ba sai kin faɗi dalilinki ba.

Na san wata za ta ce, "Malama, mu ina mu ina shiga sakatariya?" Ba na ce mu tafi da hayaniya ba. Ƙofa mafi kusa ita ce kansilan mazaɓarku, ɗan unguwa ne, wata ma ita ta goya shi. Shugabar ƙungiya da magatakarda da wata dattijuwa ɗaya su same shi cikin mutunci, su ce, "Ranka ya daɗe, me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana, kuma na bara nawa aka yi?" A je da sunan ƙungiya, ba da sunan jam'iyya ba, wannan na cikin dokokinmu. A rubuta amsar da ya bayar da kwanan wata a bayan littafin taro. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, ba bayan an gama ba.

Da na koma wa gwaggo da wannan bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauki rasit ɗinta ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa jikarta ta karanta mata lambar. Biyu daga ciki ba su da lamba. Ta ware su gefe ta ƙulle daban.

Ga aikin taro mai zuwa. Kowacce ta zo da rasit ɗin hukuma da take da shi, na kasuwa ko na tasha ko na rumfa, mu duba lamba da suna tare. Ƙungiyar da ke shirin rabuwa biyu kuma kada ta sayi sabon akwati tukuna. Magatakarda ta fara ja layi a tsakiyar shafi, dama ta rubuta kuɗin akwati da na jakar taimako da sunan duk mai rance da abin da ya rage mata, hagu ta rubuta duk wanda ke bin ƙungiya. A gaban kowane rance a rubuta akwatin da za a biya shi. Shugabannin ɓangarorin biyu su dangwala yatsa, a yi kwafi biyu, kowane akwati a saka masa ɗaya.